Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumomin da Ke Ba Injinan Caca Lasisi

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan injin nan da ake zuba wa kuɗi a danna, alamomi su yi ta juyawa su tsaya, ko mutum ya ci ko a cinye shi. Ku doka ta ɗora wa alhakin duba shi kafin ya shiga kasuwa, ku ke buga masa hatimi, ku ke karɓar kuɗin lasisinsa. Don haka ku ya dace a tunkara da maganar.

Ba zan ɓoye muku matsayina ba. Da so samu ne, da babu caca kowace iri a doron ƙasa. Amma na san majalisu ne suka halatta ta a inda aka halatta, kuma wasiƙa ɗaya ba za ta rufe gidan caca ko ɗaya ba. Abin da ke hannunku shi nake roƙo. Kun daɗe kuna tambayar injin nan ko yana maguɗi, ko yana biyan abin da aka rubuta zai biya. Tambayar tana da kyau, sai dai ba ta isa ba. Ina so ku riƙa tambaya kuma: me aka gina shi ya yi wa mutumin da ke zaune a gabansa? Tarihinsa kaɗai ya isa hujja.

A shekarar 1891 kamfanin Sittman da Pitt na birnin Niyok ya fito da wani akwati mai ganguna biyar, an liƙa musu karta hamsin. Mutum ya jefa senti biyar, ya ja mariƙi, karta ta jeru. Akwatin ba ya biya da kansa, mai mashaya ne ke ba wanda ya ci giya ko sigari. Cikakkiyar karta 52 ce. Da gangan aka zare biyu, domin damar samun babban ci ta ragu da rabi, mai wasa kuwa bai sani ba. Tun daga kakan injinan ke nan ribar mai shi tana ɓoye a wurin da idon mai wasa ba ya kaiwa.

Bayan 'yan shekaru, a San Faransisko, wani makaniki ɗan asalin Jamus mai suna Charles Fey ya ƙera Liberty Bell. Faifai uku ne masu juyawa da alamomi biyar, idan ƙararrawa uku suka jeru sai injin ya zubo senti hamsin da kansa. Wannan biya na nan take shi ya canza komai, domin ba a buƙatar kowa tsakanin mutum da injin. Fey bai yarda ya sayar ba, haya yake bayarwa ana raba riba da masu mashaya. A 1907 Herbert Mills na Shikago ya kwaikwaye shi ya cika ƙasar da nasa.

Hukuma ta farga. San Faransisko ta haramta injinan a 1909, jihar Kalifoniya ta bi a 1911. To me masu ƙerawa suka yi? Doka ta ce kada inji ya biya kuɗi, sai suka ce ai wannan cingam yake sayarwa. Suka liƙa masa wurin fitar da cingam, suka mayar da alamomin hotunan 'ya'yan itatuwa, wai ɗanɗanon cingam ɗin ke nan. Waɗannan hotuna suna nan har gobe a allon injinan zamani, kuma duk wanda ya san asalinsu ya san shaidar kauce wa doka yake kallo. A 1934 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya ɗauki guduma a gaban 'yan jarida ya farfasa injinan, aka loda su a jirgin ruwa aka zubar a teku. Frank Costello, ɗan dabar da ke da mafi yawansu, sai ya kwashe harkar injinansa ya kai New Orleans. Jihar Nebada kuwa tun 1931 ta halatta caca, kuma da gwamnatin tarayyar Amurka ta hana tsallakar da injinan daga jiha zuwa jiha a 1951, ta bar ƙofa ga jihohin da suka halatta. Duk wannan zamani doka tana faɗa ne da akwatin: ina aka ajiye shi, wa ya mallake shi, me yake zubowa.

Cikin akwatin ne ya yi ta canzawa ba tare da an kula ba. A 1963 kamfanin Bally ya ƙera Money Honey mai aiki da lantarki, wanda ke iya zubo sulalla 500 ba tare da an kira ma'aikaci ba. A 1976 kamfanin Fortune Coin ya maye gurbin faifan ƙarfe da allon talabijin. Amma babban sauyin, wanda nake so ku tsaya a kansa, ya zo ne a 1984, lokacin da wani ɗan ƙasar Nowe mai suna Inge Telnaes ya samu rajistar mallakar wata dabara a Amurka.

Bari in warware ta, don ita ce zuciyar maganar. Tsohon faifan ƙarfe yana da gurabe kamar 22. Idan faifai uku ne, jimillar yadda za su iya jeruwa 10,648 ce, kuma kowane gurbi daidai yake da ɗan'uwansa wajen damar fitowa. Mai lissafi zai iya zama ya ƙirga alamomin ya san matsayinsa. Telnaes ya raba abin da ido ke gani da abin da ke yanke hukunci. Kwamfuta ce ke zaɓo lamba daga wani jeri na ɓoye mai gurabe 64, ko 256, ko fiye, sannan ta umarci faifan ya tsaya inda lambar ta nuna. Da gurabe 256 a kowane faifai, jeruwar ta haura miliyan 16. Alamar babban ci ana iya ba ta gurbi ɗaya tak a jerin ɓoye, guraben banza da ke sama da ƙasa da ita a ba su da yawa. Mutum yana kallon faifai mai gurabe 22 yana zaton damarsa ke nan, alhali an riga an gama da shi a wani lissafi dabam. Takardar rajistar da kanta ta bayyana cewa muhimmin abu shi ne a ƙera injin da za a ɗauka yana ba da damar ci fiye da yadda yake bayarwa a zahiri, ba tare da an keta doka ba. Mai dabarar ne ya rubuta haka da hannunsa, kuma aka ba injinan lasisi.

Daga nan aka samu abin da duk mai buga injin ya sani, wato saura ƙiris. Alama biyu sun jeru, ta ukun ta tsaya dab da layi, ko sama ko ƙasa. A lissafi wannan asara ce kamar kowace asara, ba ta kusantar da kowa ga ci, domin kowane juyi zaman kansa yake. A zuciyar mutum kuwa sai ya ji kamar ya kusa, ya ƙara zubawa. A 1989 hukumar caca ta Nebada ta duba injinan kamfanin Universal, waɗanda aka tsara su, bayan kwamfuta ta yanke cewa an yi asara, su zaɓo hoton saura ƙiris su nuna. Ta haramta wannan. Amma ta bar dabarar jerin ɓoye, wadda ke haifar da saura ƙiris ɗin nan dai ta wata hanya. Ga mutumin da ke zaune a kan kujera, ba cinya ba ƙafar baya. Wannan hukunci shi ne misalin da ya fi bayyana inda aikinku yake tsayawa: an binciki yadda aka rubuta manhaja, ba a binciki abin da take yi wa ɗan Adam ba.

A shekarun 1990 aka ƙara wata dabarar, wadda kamfanonin Ostireliya irin su Aristocrat suka yi fice a kanta: layuka masu yawa a juyi ɗaya. Mutum ya sa dala ɗaya a kan layi ashirin. Layi biyu suka ci, aka mayar masa da senti talatin. Ya yi asarar senti saba'in, amma injin ya kaure da kiɗa, fitilu na walƙiya, allo na taya shi murna. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ƙarƙashin Mike Dixon, sun auna jikin masu wasa a 2010, suka tarar jiki yana amsa irin wannan asara kusan yadda yake amsa ci na gaske. Kura ce da fatar akuya. Idan ɗan kasuwa ya karɓi kuɗinka ya mayar maka da ƙasa da rabi ya ce ka ci riba, sunan abin zamba. Me ya sa idan inji ya yi da kiɗa sai ya zama nishaɗi?

Sai kuma sauri, wanda a ganina shi ne mafi illa, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa. An cire mariƙi an sa maɓalli. An cire jefa sulalla ɗaya-ɗaya an sa bakin haɗiye takardar kuɗi, daga baya aka koma tikiti da kati, kuɗi ya zama lamba kawai a kan allo. Yanzu mutum na iya yin juyi kowane sakan huɗu zuwa shida, wato 600 ko fiye a awa ɗaya. Ana yawan rubuta wa jama'a cewa injin yana mayar da kashi 90 cikin 100, su kuma su ɗauka idan sun shiga da ɗari za su fita da casa'in. Ba haka lissafin yake ba. Kashi goman nan ana cire shi ne daga kowane juyi, har da kuɗin da aka ci aka sake zubawa. Dala ɗaya sau 600 dala 600 ce, kashi gomanta dala 60 a kowace awa, a matsakaicin ƙiyasi. Wanda ya shiga da dala 100 yana buga haka, kafin awa biyu ana sa ran aljihunsa ya bushe. Kason 90 ɗin gaskiya ne, amma gaskiya ce da aka faɗa ta yadda za a fahimce ta a karkace, kuma da amincewarku ake rubuta ta. A Nebada ma mafi ƙarancin abin da doka ta yarda inji ya mayar kashi 75 ne.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Wani bincike da Breen da Zimmerman suka wallafa a Amurka a 2002, kan mutanen da suka je neman magani, ya nuna masu buga inji kan kamu da jarabar caca cikin kusan shekara ɗaya, masu sauran nau'o'in kuwa sai bayan shekara uku da rabi. Masaniyar halayyar al'umma Natasha Dow Schüll, wadda ta yi shekaru tana hira da masu wasa a Nebada, ta ji daga bakinsu cewa da yawansu sun daina neman ci, abin da suke nema kawai su ci gaba da zama cikin wani yanayi da mutum ke mance lokaci da yunwa da iyali. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da jarabar caca cikin aji ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. A Ostireliya kuma hukumar binciken tattalin arziki ta gwamnati ta ƙiyasta a 2010 cewa kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin da injinan ke cinyewa daga hannun masu wannan jaraba yake fitowa. Ku dubi wannan adadi da kyau. Sana'ar da kusan rabin cinikinta ke zuwa daga marasa lafiya ba za ta taɓa son su warke ba. Shi ya sa nake ƙin jin ana cewa a bar kamfanoni su tsara wa kansu ƙa'ida, ko a wadatu da ɗan rubutun nan na ƙasan talla da ke cewa a yi caca da hankali. An ƙera abu don ya rinjayi hankali, sannan a ɗora wa wanda aka rinjaya laifin rashin hankali. Wannan zalunci ne.

Za a ce mini haramci ba ya aiki, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rasha ta rufe gidajen caca a 2009 ta killace su a wasu yankuna kaɗan, wasu injinan suka koma ƙarƙashin ƙasa suna fakewa da sunan shagunan intanet. Amma tsakanin guduma da naɗe hannu akwai fili mai faɗi, kuma wasu sun shiga cikinsa sun ga amfani. Nowe ta fara da hana injinan karɓar takardar kuɗi a 2006, ta kwashe su gaba ɗaya a watan Yulin 2007, sannan ta dawo da wasu na kamfanin gwamnati, Norsk Tipping, waɗanda ba sa aiki sai da katin da ke ɗauke da sunan mai wasa, da iyakar asara ta rana da ta wata, da hutun dole. Kiran da ake yi wa layin taimakon masu jarabar caca ya faɗi ƙwarai bayan kwashewar. Jamus, a dokarta ta 2021, ta ce juyin inji a intanet kada ya wuce yuro ɗaya, kada ya gaza sakan biyar. Birtaniya ita ma a 2021 ta hana injinan intanet juyawa da kansu ba tare da an danna ba, ta hana juyin da bai kai sakan biyu da rabi ba, ta kuma hana yi wa asara kiɗan ci. A 2025 ta ƙayyade fam 5 a kowane juyi, fam 2 ga masu shekara 18 zuwa 24. Waɗannan dokoki duka sun leƙa cikin akwatin, kuma babu ɗayansu da ya gagari injiniyoyi aiwatarwa.

Na san abin da ke riƙe hannunku, kuma gara a faɗe shi a fili: haraji. A Birtaniya kafin 2019 akwai injinan shagunan caca da ake iya zuba musu fam 100 kowane sakan ashirin. Gwamnati ta amince a rage zuwa fam 2, sannan ta nemi jinkirta aiwatarwa, har ministar wasanni Tracey Crouch ta ajiye aikinta a Nuwamban 2018 saboda wannan jinkiri. Sai da 'yan majalisa suka tayar da ƙayar baya aka dawo da ranar zuwa Afrilun 2019. A Ostireliya, inda jihar New South Wales ta halatta injinan a kulob-kulob tun 1956, hukumar binciken da na ambata ta ba da shawarar a ƙayyade dala ɗaya a kowane juyi, a kuma sa mutum ya ɗaure wa kansa iyaka kafin ya fara. Kulob-kulob suka yi gangami, gwamnatin tarayya ta janye alkawarinta a 2012. Jihar Yammacin Ostireliya, wadda ba ta yarda da injinan a wajen gidan caca ɗaya na birnin Perth ba, tana nan tana tafiyar da mulkinta ba tare da wannan kuɗi ba. Idan baitulmali ya saba da kuɗin inji, mai dokar barci sai ya ɓuge da gyangyaɗi. Kuɗin da ake murnar tarawa kuwa ana biyansa ta wata ƙofar: bashi, mutuwar aure, satar kuɗin wurin aiki, yaran da aka cire daga makaranta, da waɗanda suka kashe kansu. Ba a rubuta waɗannan a shafin da ake rubuta haraji, shi ya sa lissafin yake yi muku kyau.

Yau kuma injin ya bar mashaya da gidan caca ya shiga wayar hannu. Ba ƙofa, ba mai gadi da zai dubi fuskar yaro ya kore shi, ba lokacin tashi. Duk dokar da aka gina a kan inda akwati yake tsaye ta zama tarihi. Abin da ya rage muku kamawa shi ne ƙirar wasan, da hanyar da kuɗi ke bi.

Don haka ga roƙona. Kada ku sake buga hatimi a kan wasan da ke yi wa asara kiɗa, ko wanda jerinsa na ɓoye ya saɓa wa abin da yake nuna wa ido. Ku sa mafi ƙarancin lokaci tsakanin juyi da juyi, da iyakar abin da za a zuba, da iyakar asara wadda ke bin mutum duk kamfanin da ya je, domin iyakar da ake kauce mata ta hanyar buɗe wani asusun ba iyaka ba ce. A daina rubuta kason da inji ke mayarwa, a rubuta wa mutum ƙarara nawa ake sa ran zai rasa a awa ɗaya, kuma allo ya riƙa nuna masa jimillar asararsa da tsawon zamansa a kuɗi da mintoci. Caca da kuɗin bashi a rufe ta, kamar yadda Birtaniya ta hana amfani da katin bashi a 2020. Wanda ya zo da ƙafarsa ya ce a hana shi, a hana shi ko'ina, a kuma daina aika masa da talla da kyautar jawo hankali.

Abu na ƙarshe shi ne bayanai. Kowane juyi da aka yi a intanet yana rubuce a kwamfutocin kamfanoni: wa ya buga, ƙarfe nawa na dare, nawa ya rasa, sau nawa ya sake zuba kuɗi bayan ya ƙare. Sun san wanda ke nutsewa tun kafin iyalinsa su sani. Ku sa miƙa waɗannan bayanai ga masu bincike masu zaman kansu, bayan an ɓoye sunaye, ya zama sharaɗin lasisi. Kuɗin binciken da na jinyar waɗanda suka kamu ya fito daga harajin dole da hukuma ke rabawa, kada ya zama kyautar da kamfani zai bayar ya zaɓi wanda zai karɓa. Kuma kowace shekara ku buga wa jama'a kashi nawa na ribar kowane kamfani ya fito daga hannun mutanen da alamun jaraba suka bayyana a kansu, kamfanin da adadinsa ya ƙi sauka a karɓe lasisinsa.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar al'amarin